Mushe, kama bakinka har takarda ta shigo hannu

A taron iyayen yara na makarantar kuɗin da ɗiyata take karatu, nan Maraɗi, wani dattijo ya miƙe ya ce abin da ya fi ƙona masa rai a zamanin nan shi ne malamin da zai ci abincin makaranta da safe, da marece kuma ya lallaɓa ya kai dosiyensa wani wuri ba tare da ya sanar da mai makaranta ba. Ya ce wannan cin amana ne. Aka tafa masa. Mai makarantar na zaune a gaba yana gyaɗa kai, malamai huɗu ko biyar da ke tsaye a baya kuwa kowa ya sunkuya yana duban takalminsa. Ban ce uffan ba ranar, don gaban jama'a ba wurin jayayya da dattijo ba ne. Amma maganar ta kwana da ni. Na shaƙi ƙurar alli shekara goma sha ɗaya kafin in koma zama a bencin iyaye, saboda haka ina ganin ina da bakin magana.

Malamin da yake neman wani aiki bai ci amanar kowa ba don ya yi shiru. Kuma ga ƴan uwana malamai, musamman na makarantun kuɗi, ba zan yi kwana-kwana ba: kada ka gaya wa mai makaranta kana neman aiki. Ka gaya masa ranar da ka samu, ranar da takarda mai sa hannu da hatimi ta shigo hannunka, sannan ka ba shi lokacin da ya dace ya nemi madadinka. Na san wannan maganar ba za ta yi wa wasu iyaye daɗi ba. Ku ɗan yi haƙuri ku ji yadda aka yi na koye ta.

Shekarata ta huɗu ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, wata ƙungiya mai aikin karatun manya ta fitar da sanarwa tana neman masu sa ido a ƙauyuka. Na haɗa takarduna na kai. A lokacin ina cikin masu ra'ayin dattijon nan, ina ganin in ban faɗa ba na zama munafuki. Washegari na sami mai makarantar a ofishinsa, na cire hula, na ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, na zo in sanar da kai na ajiye dosiye a wani wuri. Ban san ko za a ɗauke ni ba, amma ban so ka ji a bakin wani." Ya yi murmushi ya ce: "Madalla, Mushe. Ai mu ba ma tare wa kowa hanyar arzikinsa. Allah ya sa alheri." Na fito zuciyata fari fat.

Watan Janairu ne. Kafin sati biyu aka karɓe ajin 3e daga hannuna, ajin da na ɗauko tun daga 5e, aka ba wani yaro da ya gama jami'a bara, wai don kada in tafi in bar yara a tsakiyar hanya. Da awa ake biyanmu. Awoyina suka sauko daga ashirin a sati zuwa takwas, kuɗin wata ya sauko tare da su. Na nemi ɗan abans kafin salla, abin da ban taɓa nema an hana ni ba, mai ajiyar kuɗi ya ce an ba shi umarni kada ya ba wanda ƙafarsa ɗaya ke waje. Gida biyu da nake yi wa yaransu darasin marece suka sallame ni cikin ladabi, don an raɗa musu cewa Mushe tafiya zai yi, gara su nemi wani tun da wuri. Ni ban gaya wa kowa ba sai mutum ɗaya.

Aikin kuwa ban samu ba. Ko kirana hira ba a yi ba. Na ƙarasa shekarar da awa takwas, ina wucewa ta tagar ajina ina jin wani yana karanta musu darasin da na shirya. Da Oktoba ta zo, na je duba jadawalin awoyi da aka liƙa a bango, babu sunana. Maigadi ne ya ce mini, cikin tausayi: "Mushe, ai tun watan takwas aka kawo wani." Tun watan takwas. Wata biyu cur Alhaji ya san ba zai sake kirana ba, muna gaisawa a kasuwa, muna haɗuwa wurin suna da jana'iza, bai taɓa ce mini in nemi wata mafita ba.

Ban kawo wannan don in ce mutumin mugu ne ba. Na daɗe da huce wa, kuma da na girma na gane lissafinsa. Yana da aji mai jarrabawa, yana da iyaye masu biyan kuɗi, an gaya masa malaminsa na iya tafiya kowane lokaci, sai ya kare kansa. Ko ni ne a kujerarsa watakila abin da zan yi ke nan. To amma a nan ne maganar dattijo ta karye. In mai makaranta yana da damar kare kansa da shiru, ya nemi madadina a ɓoye, ya ajiye dosiyoyin ƴan jami'a a aljihun tebur yana jiran ranar da zai buƙace su, don me ni da nawa shirun zai zama cin amana? Wanzami ba ya son jarfa. Ban taɓa jin wani mai makaranta ya kira malami a watan Maris ya ce masa: "Ina duba wanda zai maye gurbinka baɗi, ban yanke shawara ba tukuna, amma ban so ka ji a bakin wani." Ranar da masu makarantu suka fara yin haka, ni ma zan sake shawara.

Ana maganar amana kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suka yi yarjejeniya. Ku dubi abin da ke hannun kowa. Mai makaranta shi ke raba awoyi, shi ke raba azuzuwa, shi ke cewa a ba da abans ko a hana, shi ke cewa wa za a kira in an dawo hutu. A bakin ƙofarsa kuma ga matasa da suka fito daga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, takarda a hannu, kowa a shirye yake ya karɓi aji gobe da safe ko nawa za a ba shi. Malami me ke hannunsa? Da yawa daga cikinmu babu kwantiragi a rubuce, babu lamba a asusun CNSS, ana biya daga Oktoba zuwa Yuni, babban hutu kuwa kowa tasa ta fisshe shi, daidai lokacin da hatsi ya fi tsada kuma rumbu ya yi ƙasa. Abu ɗaya tak da malami ya mallaka wanda mai makaranta bai riƙe ba shi ne abin da ke cikin cikinsa. Shi ne kuma ake cewa ya ɗauka ya miƙa kyauta don a kira shi mutumin kirki.

Akwai kuma abin da masu wannan wa'azin suke mantawa: nema daban, samu daban. Wanda ya taɓa tsayawa layin ajiye dosiye na konkur ya san yadda layin yake da kuma yawan guraben da ake rabawa. Sakamako kan ɗauki watanni. Ƙungiya kan yi sanarwa, a yi hira, daga baya kuɗin aikin ya ƙi zuwa, a yi shiru kamar an shuka dusa. Malami kan kai takardunsa wuri biyar a shekara bai samu ko ɗaya ba. To sau biyar zai je ofis ya cire hula? Tun a na farko an gama da shi. Wanda ya yi shelar tafiya alhali ko kuɗin mota bai haɗa ba, ya saki reshe ne ya kama ganye, kuma ba shi kaɗai zai faɗo ba, har da matarsa da ƴaƴansa da tsohuwar da yake aika wa kuɗin magani a ƙauye.

Doka ma ba ta tare da dattijo. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa ma'aikacin da kwantiraginsa ba shi da ranar ƙarewa ya ba da sanarwa kafin ya bar aiki, abin da ake kira préavis, kamar yadda ta ɗora wa mai ba da aikin in shi ne zai yi sallama. Sanarwar barin aiki ta ce. Ba ta ce mutum ya sanar cewa yana nema ba. Cikin kwanakin sanarwar ma an ware wa ma'aikaci lokacin fita neman wani aiki, kuma in ya tashi tafiya haƙƙinsa ne a ba shi takardar shaidar aiki. Sai dai a kula: wanda ya sa hannu a kwantiragi mai wa'adi, irin na wata tara da wasu makarantu ke yi, ba shi da damar ya ajiye shi a tsakiya don kawai ya ga wuri mafi maiƙo, sai in an yi jituwa da mai makaranta, in ba haka ba ana iya binsa diyya. Duk wanda ke da takarda ya ɗauko ya karanta tun kafin ya kai dosiye ko'ina, in abin ya shige masa duhu ya je ofishin sufeton ƙwadago ko wurin ƴan sandika ya tambaya. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Yanzu bari in juyo wurin iyaye, don ni ma yau uba ne, kuma na san inda ke yi muku ƙaiƙayi. Ba dosiyen malami ya dame ku ba. Abin da ya dame ku shi ne ranar Litinin ɗin da yaro zai dawo gida ya ce Mushe bai zo ba, Talata bai zo ba, sati ya cika, sai a ji wai yana Agadas ko Difa ya kama aiki da wata ƙungiya. Saura wata uku a yi BEPC. Takardun gwajin da ya karɓa suna gidansa, makin zango na biyu bai miƙa ba, ba wanda ya san inda ya tsaya a manhaja. A kawo wani malami ya fara lalube, ya maimaita abin da aka yi, ya tsallake abin da ba a yi ba. Wannan ya faru da ajin ɗan ƙanwata, malamin kimiyya ya karɓi kuɗin wata ranar Juma'a, Litinin wayarsa a kashe. Ba na kare irin wannan malamin ko kaɗan. Shi ne maci amana na gaske, kuma amanar da ya ci ba ta mai makaranta ba ce, ta yara arba'in ko hamsin ce waɗanda ba su rage masa awa ba, ba su hana shi abans ba, ba su yi masa komai ba sai tashi tsaye in ya shigo.

Irin waɗannan su suka ɓata mana suna, su suka ba dattijo abin faɗa. Amma ku lura da inda laifin yake. Ba a shirun neman ba ne, a sulalewar ne. An haɗa abu biyu an ɗaure da igiya ɗaya, an ce duk wanda bai yi shela tun ranar farko ba ɗan sulalewa ne. Ba haka ba ne. Tsakanin ranar da aka ce an ɗauke ka da ranar da za ka fara akwai kwanaki, wani lokaci makonni, kuma a cikinsu ake gane malamin da ya san darajar alli. Ka je da kanka, ba saƙon waya ba, ba aike ba. Ka rubuta takarda ka riƙe kwafi. Ka gyara duk takardun gwajin da ke hannunka ka miƙa maki. Ka cika kayen darussa har shafin ƙarshe yadda wanda zai gaje ka zai buɗe ya san inda zai ɗora. In kana da abokin da ka yarda da aikinsa ka kawo shi ka zauna da shi a aji kwana biyu. Kuma in ajin jarrabawa ne a hannunka, ka roƙi sabon wurin su ɗaga maka ƙafa zuwa Yuni, ko su bar ka kana zuwa ranar Asabar. Ba kullum ake yarda ba, amma da yawa ko tambaya ba sa yi. Wurin da zai ƙi ɗaukarka don ka ce kana son ka sauke nauyin yara cikin mutunci, ka fara tunanin yadda zai yi da kai in taka ta zo.

Za a ce da ni ai akwai masu makarantu na kirki. Akwai, na yi aiki da ɗaya, wata hajiya da ita da kanta take kawo mana sanarwar konkur ta liƙa a ɗakin malamai. Irin wannan ba sai an ba ka shawara ba, ka riga ka gani da idonka yadda ta yi da waɗanda suka tafi kafin kai. Ma'aunin ke nan, ba daɗin bakin mutum ba, ba cewa da yake yi mu nan duk dangi ɗaya ne ba. Dubi malami na ƙarshe da ya ce zai tafi: an yi masa addu'a an biya shi haƙƙinsa, ko an riƙe kuɗin watansa na ƙarshe an sa shi zarya? In ba ka taɓa gani ba, kada ka zama kai za a gwada a kanka.

Abin da ya fi wuya shi ne in an tare ka da tambaya. Garuruwanmu ba su da girman da sirri zai daɗe. Ana liƙa sunayen ƴan takara a bango, ɗan kabu-kabun da ya kai ka ofishin ƙanen matar darakta ne, mai buga takardu a bakin kasuwa ya san kowa. Wata rana za a kira ka a ce: "Mushe, mun ji an gan ka wuri kaza." A nan ba na ba kowa shawarar ƙarya, balle rantsuwa. Shiru haƙƙinka ne, ƙarya kuwa bashi ce da za ka biya ranar da za ka zo neman takardar shaida. Abin da za ka ce gajere ne: "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, na gwada sa'ata kamar kowa. Babu abin da ya tabbata. Ranar da ya tabbata kai za ka fara ji, kuma ba zan bar ajina a rataye ba." Ka tsaya nan. Ba dole ne ka faɗi inda ka nema ko nawa za su biya ba. Haka nan ranar jarrabawa ko hira, nemi izinin fita don wata buƙata taka, kada ka kashe kawunka da ke raye a ƙauye don ka sami kwana biyu. Na san malamin da ya binne kaka ɗaya sau uku.

Ƴan kwantiragin gwamnati nasu ya ɗan bambanta, don daraktan makaranta ba shi ke biyansu ba, sau da yawa ma shi ke ƙarfafa musu gwiwa su nemi lambar ma'aikaci ko wani konkur. Amma su ma babu mai kunyar da zai ce kada su duba gaba. Mutumin da ya yi shekaru a kan jikka 75 a firamare ko jikka 100 a sakandare, kuɗin ma ya zo a makare, wanda ya ga yadda aka zaunar da ƴan uwansa jarrabawar tantancewa a 2017 aka soke kwantiragin da yawa daga cikinsu, in ya ce ba ya neman wata ƙofa to ko dai ya gaji gona ko yana ɓoye maka ne. Nasu nauyin shi ne kada ajin ƙauye ya zauna a rufe wata guda, sufeto bai sani ba, iyaye ba su sani ba.

Karo na biyu da na tashi barin wata makaranta, ban gaya wa kowa ina nema ba, ko abokin da muke shan shayi tare. Matata kaɗai ta sani. Takarda ta fito a watan Afrilu. Washegari na shiga ofis da wasiƙata, na ce zan fara sabon aiki amma na roƙi a jira ni har a gama jarrabawa, kuma an yarda. Mai makarantar ya ɓata rai na kwana uku, sannan ya sauko, don ya ga ba shi da abin da zai rage mini kuma yana buƙatata har Yuni. Na raka yarana har ƙofar wurin jarrabawa. Aka ba ni takardar shaidata ba tare da zarya ba. Mutumin da ya yi shiru wata huɗu shi ne dai wanda ya tsaya har ƙarshe, ban zama wani mutum dabam ba tsakanin karo na farko da na biyu, bakina kawai na koyi riƙewa.

Iyaye, in da gaske kuna son malaman ƴaƴanku su daina leƙen waje, ba a bayan ɗakin taro za ku nemi masu laifi ba, inda malamai ke tsaye suna duban takalma. Kuɗin makaranta daga aljihunmu yake fita, kuma kusan kowace shekara sai an ƙara. Muna da ikon tambayar inda yake shiga. Bayan taron nan na bi dattijon har gida, muka zauna a zaure na ba shi labarin Janairu da awa takwas. Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, ya dai yi shiru ya ce bai san ba a biyan malamai a hutu ba. A taro mai zuwa zan miƙe in tambayi mai makarantarmu malamai nawa ne ke da kwantiragi a rubuce, nawa ne aka yi wa rajista a CNSS, da kuma ranar da aka sanar da malamin Faransancin bara cewa ba za a sake kiransa ba. Dattijon ya ce in ajiye masa wuri kusa da ni.